Yadda mutumin Maraɗi zai sa kuɗinsa a kasuwar hannun jari, mataki bayan mataki

Tun da naira ta zube, zinariya kuma ta yi sama, tambaya guda ake ta jefo mini a fada, a bakin babbar kasuwa, har wurin ɗaurin aure: "Malam, wannan kasuwar hannun jari da ake faɗi a rediyo, ta ina ake shigarta?" Wani saurayi ma cewa ya yi shi ta Amurka yake so. Amsata ba ta canja ba. Ƙofar da ke buɗe gare mu tana Abijan, sunanta BRVM, ta ƙasashe takwas ce masu amfani da sefa ƙarƙashin UEMOA, har da Nijar, kuma tana aiki tun 1998. Abin da ke faruwa a Amurka da Turai da Legas yana taɓa kuɗinka ko ka shiga ko ba ka shiga ba, za mu zo kansa a mataki na 7.

Duk inda na ce jika, sefa 1,000 nake nufi. Dalar Amurka kuma zan riƙa kiran sunanta cikakke, kada a haɗa ta da dalarmu ta sefa biyar.

Mataki na 1: Ware kuɗin da zai iya kwana

Kafin ka nemi kowa, zauna da littafinka. Fitar da kuɗin hatsin gida har kaka mai zuwa, kuɗin makarantar yara, na asibiti, da jarin da kake juyawa a shago. Abin da ya rage, wanda za ka iya mantawa da shi shekara uku zuwa biyar, shi ne na wannan kasuwa. In babu abin da ya rage, lokacinka bai yi ba tukuna.

Ga dalilin da ya sa na ce shekara biyar. Daga 2016 zuwa 2020 ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wanda ake kira BRVM Composite, sauka ya yi ta yi shekara biyar a jere. A 2021 ya tashi da kusan kashi 40 cikin 100. Wanda ya sa kuɗin auren ɗiyarsa a 2017 ya sayar da asara, wanda kuɗinsa ba na gaggawa ba ne ya samu damar jira. Duk wanda ya taɓa ajiye wake ko aya tun kaka ya san haka: wanda bashi ya tilasta wa buɗe sito kafin bazara shi ke faɗuwa.

Hattara: kada ka ci bashi, kada ka sa kwasar adashen da kake da sauran zubi a kai, kada ka sa kuɗin amana.

Mataki na 2: Yanke shawarar abin da ba za ka saya ba

Mutane da yawa suna barin wannan sai sun saya, daga baya zuciya ta ƙi kwanciya. Cikin kamfanoni fiye da 40 da ke kasuwar akwai Solibra mai yin giya, akwai Sitab mai taba, akwai kamfanin cacar ƙasar Benin da ya shigo a ƙarshen 2024. Bankuna ma suna da yawa, kuma cinikinsu na kuɗin ruwa ne. BOA Niger, kamfanin ƙasarmu da ke cikin jerin, shi ma banki ne. A gefe guda ga kamfanonin sadarwa irin su Sonatel da Orange Côte d'Ivoire da Onatel, ga na manja irin Palmci, na roba irin SAPH da SOGB, na wutar lantarki da ruwa, na sayar da man fetur.

Ɗauki jerin sunayen ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, wanda ya san sha'anin ciniki. Ka gaya masa abin da kowane kamfani ke sayarwa, da ko yana cin bashin banki mai yawa. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da na sani shi ne gara ka shata iyakarka yau, tun kafin ka ga wani hannun jari yana hawa, kwaɗayi ya fara yi maka wa'azi.

Mataki na 3: Nemo dillali mai lasisi

Ba ka iya saye kai tsaye. Dole ka bi ta kamfanin dillanci da ake kira SGI, kamar yadda baƙo ba ya sayar da bijimi a kara sai da dillali. Hukumar da ke ba su lasisi ita ce AMF-UMOA, wadda a da ake kira CREPMF. Jerin kamfanonin da aka yarda da su yana shafin hukumar da na BRVM a intanet. A Yamai akwai SGI Niger, akwai kuma ofishin BRVM na ƙasa inda ake iya neman bayani. Wasu manyan bankunan da ke da reshe nan Maraɗi suna da SGI cikin rukuninsu, saboda haka fara da tambayar bankinka ko suna haɗa mutum da nasu. Doka ba ta hana ka zaɓi SGI na Abijan ko Dakar ko Kwatano ba, tunda kasuwar guda ce.

Kira aƙalla biyu ka gwada. Tambaye su mafi ƙarancin kuɗin buɗe asusu, ko ana buɗewa daga nesa ko sai ka taka zuwa Yamai, ko suna da manhajar waya ta ba da oda, da kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin ya dawo asusunka na banki. Wanda ya yi jinkirin amsa maka tun kuɗinka bai shiga hannunsa ba, ka san abin da zai yi bayan ya shiga.

Hattara: duk wanda ya ce zai ba ka kashi 20 ko 30 cikin 100 a wata, ko ya ce ka kawo mutum uku a ƙara maka, ba kasuwar hannun jari yake yi ba. Wata irin wannan damfara, MMM, ta tsaya da kuɗin mutane a Najeriya a watan Disamba 2016, wata kuma, CBEX, ta rufe da nasu a Afrilu 2025. Irin wannan guguwa ba ta tsayawa a Jibiya, tana ƙetarowa ta Ɗan Isa cikin wayoyin yaranmu. Na san wani mai shagon kayan waya a unguwar Zariya da aka biya shi sau biyu, ya ƙara da kuɗin babur ɗinsa, a karo na uku manhajar ta ƙi buɗewa. In sunan kamfani ba ya cikin jerin hukuma, magana ta ƙare.

Ga mai son kasuwar Amurka kuma: fitar da kuɗi wajen ƙasashen UEMOA don zuba jari yana ƙarƙashin dokar canji, kuma a ƙa'ida yana buƙatar izinin ma'aikatar kuɗi. Tambayi bankinka kafin ka tura ko dala ga wani shafin da ba ka san inda ofishinsa yake ba.

Mataki na 4: Takardu da la'ada

Za a nemi katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo da bai mutu ba, hotuna, shaidar wurin zama kamar takardar biyan wuta ko ruwa, lambar asusunka na banki, da bayanin inda kuɗin ya fito. In da sunan kamfani za ka buɗe, ƙara da rajistar kasuwanci (RCCM) da lambar lampo (NIF). Asusun da za a buɗe maka a faransance ana ce masa compte-titres. Cikinsa ake rubuta hannun jarinka, ba takardar da za a miƙo maka ka sa a akwati.

Za a tambaye ka ko kai za ka riƙa ba da oda da kanka, ko ka wakilta su su yi maka. Hanya ta uku ita ce asusun haɗaka da ake kira FCP, inda ake tara kuɗin mutane da yawa ƙwararre ya raba shi cikin kamfanoni da takardun bashi. Ga malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke son zuba jika 10 ko 20 duk wata ba tare da bin farashi ba, FCP ya fi sauƙi. Sai dai a tambayi abin da ke ciki, don akasari akwai bankuna da takardun kuɗin ruwa.

Yanzu la'ada, inda sababbin shiga ke yin sakaci. Kowane saye da kowane sayarwa akwai rabon SGI, rabon BRVM, rabon ma'ajiyar tsakiya DC/BR, da lampo a kan la'adar. Bayan haka akwai kuɗin ajiya da ake cirewa lokaci-lokaci, wasu kuma suna da kuɗin riƙe asusu. Nemi takardar farashinsu a rubuce. Mu ɗauka, don misali kawai, duka ya kama kashi 1.5 cikin 100. Ka sayi hannun jari na jika 200, ka biya jika 3. Ka sayar, wata jika 3. Ke nan sai farashi ya tashi da kashi 3 kafin ka dawo inda ka tashi. Mai saye ran Litinin ya sayar ran Alhamis dillali yake yi wa noma.

Hattara: in akwai kuɗin riƙe asusu tsayayye, ƙaramin jari na iya ƙarewa a cikinsa. Lissafa shi kan abin da za ka sa kafin ka sa hannu. Kuma kuɗi a asusun kamfanin SGI ake zuba shi, ba a lambar wayar wani ma'aikaci ba.

Mataki na 5: Koyi karanta takardar farashi

BRVM tana fitar da takarda kowace ranar ciniki, Bulletin Officiel de la Cote, kyauta a shafinta. Yi wata guda kana buɗe ta ba ka sayi komai ba. Zaɓi kamfani biyar ko shida da suka tsallake mataki na 2, ka riƙa rubuta farashinsu a littafi duk Juma'a.

Abu na farko da za ka duba shi ne rabon riba na shekara, dividende, bayan an cire lampo. Raba shi da farashin hannun jarin. Wanda ke jika 10 yana ba da sefa 700, ya ba da kashi 7 cikin 100. Kada ka tsaya kan shekara guda, koma baya shekara biyar ka ga ko yana biya a kai a kai, ko kuwa sau ɗaya ya yi abin kirki. Na biyu, ribar kamfanin kanta tana ƙaruwa ko tana raguwa. Na uku, yawan cinikin da ake yi a kansa kullum. Akwai kamfanonin da ake wuni ba a sayi ko goma ba. Shiga irin waɗannan da sauƙi, fita ce wuya.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar ƙaramin farashi a matsayin araha. Hannun jarin Ecobank ya yi shekaru yana ƙasa da sefa 50, na Sonatel kuwa ya haura jika 20, sai mutum ya ce bari ya kwashi na farkon tunda "ya fi arha". Farashin guda ɗaya ba ya nuna komai, ya danganta da gida nawa aka raba kamfanin. Tiya ba ta fi buhu araha don kuɗinta kaɗan ne ba.

Mataki na 6: Ba da oda

Ana ciniki Litinin zuwa Juma'a, kuma agogon Abijan yana bayan namu da awa guda. Odar saye iri biyu ce da za ka fi cin karo da su: wadda ka yanka farashin da ba za ka wuce ba, à cours limité, da wadda ka ce a saya a duk farashin da aka samu. Yi amfani da ta farko, musamman kan kamfanin da ba a cinikinsa sosai. Rubuta sunan kamfani, adadi, farashi, da ranar da odar za ta mutu.

A ƙa'idar kasuwar, farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7.5 cikin 100 a rana guda. Wannan birki ne, ba kariya ba: yana iya sauka haka kwana uku a jere. Bayan ciniki ya faɗa za a aiko maka da takardar shaida mai nuna farashi da la'ada. Duba ta, ka ajiye.

Kada ka zuba duka rana guda. Raba kuɗin gida uku ko huɗu cikin watanni, ka kuma raba shi tsakanin sana'o'i daban-daban. Kamfani uku na roba da manja duk ƙwai ne a kwando guda, farashin duniya ɗaya ke kaɗa su.

Mataki na 7: Lambobin duniya da suka shafe ka

Labaran kasuwannin duniya suna da yawa, galibinsu ba ruwanka da su. Minti goma duk mako ya ishe ka ka duba waɗannan.

Yuro da dalar Amurka. Sefa ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, haka yake tun 1999. Saboda haka farashin dalar Amurka a wurinmu lissafi ne kawai. Raba 655.957 da yawan dalar da yuro ɗaya ke saye. In yuro na kan 1.10, dalar Amurka ta kama sefa 596. A Satumba 2022 yuro ya faɗi zuwa wajen 0.96, dalar Amurka ta haura sefa 680. Duk Alhajin da ke sayo kaya daga Dubai ko Cana ya ji wannan a jikinsa, ko bai san daga ina ta ɓullo ba. Ga hannun jari, dalar Amurka mai ƙarfi tana taimakon kamfanin da ke sayar da kayansa waje, kamar na roba, tana matse wanda ke shigo da kayan aiki.

Me ke motsa ta? Kuɗin ruwan babban bankin Amurka. Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 ya ɗaga shi daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5 cikin 100 don ya daƙile tsadar kaya. Kuɗin duniya ya kwarara zuwa Amurka, bashi ya yi wa ƙasashen Afirka tsada. Ya fara saukewa a Satumba 2024. In ka ji an ce sun ɗaga ko sun sauke, duba abin da namu babban bankin, BCEAO, zai yi da nasa, don shi ke shafar bankunanmu da bashin gwamnatocinmu.

Naira. Wannan ba sai an koya wa Bamaraɗe ba, ƴan canji sun fi kowace jarida saurin labari. A Yuni 2023 gwamnatin Tinubu ta saki naira, bayan ta cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya bar kuɗinsa kwance a naira ya ga rabin ƙarfinsa ya tafi, mai kai dabbobi da wake Najeriya kuma ya dawo da sefa kaɗan. Abin da nake so ka ɗauka a nan: in cinikinka ya riga ya rataya a wuyan naira, ajiyarka ta dogon lokaci kada ita ma ta zama naira. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna mana yadda garin nan ke yi in hanya guda ta toshe.

Kada kuma wani ya ce maka sefa ba ta motsi har abada. Dattawanmu suna tuna Janairu 1994, da aka wayi gari an karya darajarta da rabi. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO a Janairu 2025, amma ba su fita daga UEMOA da sefa a lokacin ba. Duk wani labari kan makomar kuɗin, saurare shi da kunne biyu, ka kuma tambayi SGI ɗinka abin da zai shafa.

Zinariya da ɗanyen mai. Zinariya ta haura dalar Amurka 2,000 kan kowane oza a 2020, 3,000 a Maris 2025, 4,000 a Oktoba na shekarar. Tana tashi ne in duniya ta tsorata. Iyayenmu mata da ke ajiya cikin sarƙa da awarwaro ba su yi wauta ba, sai dai ita ba ta haihuwa, ba rabon ribar shekara, kuma kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Mai kuwa ya wuce dalar Amurka 120 kan ganga a 2022 bayan Rasha ta shiga Yukiren. Tun 2024 da Nijar ta fara fitar da man Agadem ta bututu zuwa gaɓar Benin, farashinsa ya zama maganar baitulmalinmu.

Hattara: waɗannan lambobi na fahimta ne, ba na saye da sayarwa duk mako ba. Kafin labari ya iso rediyonka, manyan ƴan kasuwa sun riga sun sa shi cikin farashi.

Mataki na 8: Takardun bashin gwamnati

SGI ko banki zai yi maka tayinsu, saboda haka ka san su. Gwamnatocin UEMOA suna cin bashi ta hukumar UMOA-Titres da ke Dakar. Na shekaru, OAT, guda ɗaya jika 10 ne, ana biyan kuɗin ruwa duk shekara. Ga wanda ya kauce wa kuɗin ruwa akwai sukuk, takardun da aka tsara bisa shari'ar Musulunci: Senegal ta fitar a 2014, Kodibuwa a 2015, Togo a 2016, Mali a 2018. Ba kullum ake samunsu ba, sai ka bar wa SGI sallahu ya sanar da kai in an buɗe sabo.

Hattara: ana cewa bashin gwamnati ba ya da haɗari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumi ya hana Nijar biyan masu takardunta har tsawon watanni. An ɗage shi a Fabrairu 2024, ƙasar ta koma kasuwa a Afrilu. Wanda ke jiran kuɗinsa a wancan tsakanin ya jira.

Mataki na 9: Karɓar riba, zakka, da fita

Kamfanoni suna taron masu hannun jari bayan rufe lissafin shekara, akasarin rabon riba yana faɗowa daga bazara zuwa damina. Yana shiga asusunka na SGI an riga an cire lampo, wanda yawansa ya danganta da ƙasar kamfanin. Kada ka ruga ka saya ana gobe za a yanke rabo don ka ci bulus: ranar da aka cire ribar, farashi kan sauka daidai da ita.

Zakka ɗaya bisa arba'in ce in dukiya ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara. Yadda ake lissafa ta kan hannun jarin da aka saya don sayarwa da wanda aka riƙe don rabon riba ya bambanta a wurin malamai, kai wa malaminka takardar asusunka ta ƙarshen shekara.

Wannan dukiya ba a ganinta kamar gona ko garke. Rubuta sunan SGI da lambar asusu, ka sa tare da takardun gida, ka gaya wa uwargida ko babban ɗanka, don kada magada su rasa inda za su nema.

Ranar da za ka sayar, odar iri ɗaya ce da ta saye, da farashin da ka yanka. Bayan ciniki ya faɗa sai an yi ƴan kwanakin aiki kafin kuɗin ya zauna, sannan ka nemi a turo shi bankinka. In kana son kuɗin kafin Babbar Salla ko kafin buɗe makarantu a Oktoba, ba da odar wata guda kafin nan, in kamfanin ba mai yawan ciniki ba ne kuma ka raba ta gida biyu ko uku.